Katin Jinin da Nika Ƙullewa a Bakin Zane

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na ɗaga murya a ɗakin gwajin jini ba, ni da ko akuya ban iya yi wa tsawa.

Ɗiyata Saratu ta sauka lafiya, amma jini ya zuba ƙwarai. Daga Tozai munka kai ta asibiti, ni da yayata Hassi. Likita ya ja fatar idonta, ya ce sai an ƙara mata jini yau-yau, kuma nata O ne, ba shi karɓar kowane iri sai ɗan'uwansa. Jama'a, kamar an yi mini albishir! Ina da katin awo tun na cikin ita Saratun (duk zuwa asibiti yana ƙulle a bakin zanena), kuma da na shiga yaƙi da jahilci na karanta abina da kaina: O, zagaye kamar bakin tulu.

Har da ɗan gudu na isa ɗakin gwaji. Na miƙa kati, na miƙa hannu. "Malam, ɗiba kawai, ba sai ka wahala ba. Ga shi rubuce."

Mai gwajin, wani dogo mai tabarau, ya ce, "Inna, nan ba mu ƙara jini da takarda." Ya ɗiga jinina bisa farin faranti, ya sa wani ruwa shuɗi, ya sa rawaya. Wajen rawayan ya yi gudaji-gudaji. Ya ce, "B ne."

Na ce, "O dai."

Bai yi mini gardama ba. Ya sake ɗiba a ɗaya hannun, ya rubuta sunana jikin kwalbar ina kallo, ya sa cikin injin da ke juyi har ruwan jinin ya rabu da jan, ya gwada ruwan daban. B. Ya tambaye ni ko an taɓa ƙara mini jini, ko ina fama da wani ciwo. Babu. Ga Saratu can kwance, leɓenta fari.

Nan ne bakina ya ƙwace. "Ɗana, ruwanku ne ya lalace! Ni na haifi yarinya, ka ce jinina bai shiga jikinta? Na yi karatu hwa!" (Karatun wata tara, don Allah.) Masu jira sunka cika taga.

Ya ce, "Inna, uwa da ɗiya na iya bambanta, wannan ba komi ba ne. Abin da nika so in sani, ranar da anka rubuta katin ga, jinin wa anka gwada?"

Sai na ji dariya a bayana. Yaya Hassi ce, har tana dafa bango. "Ke! Kin manta? Cikin fari, kunya ta hana ki ɗaga kai, kinka ga allura kinka laɓe bayana. Da anka kira sunanki ni na miƙa hannu. Munka ce ai uwa ɗaya uba ɗaya, jini guda na!"

Wallahi sai lokacin na tuna. Na ja mayafi na rufe fuska har haɓa. Wata tsohuwa a taga ta ce, "Mai karatu, a karanto muna!"

Malam bai yi dariya ba. Ya ce da ya bi takarda ya sa wa Saratu nawa, da mun ƙara mata wani ciwon bisa wanda take ciki. Ya juya ga Yaya: "To mai katin, kawo hannu." O. Ya haɗa da na Saratu, sunka zauna lafiya. Kafin la'asar an rataya mata ledar jinin, kafin ta ƙare yarinyata ta buɗe ido tana tambayar jinjirinta. Na yi guɗa cikin asibiti, nas ta harare ni, na ƙara.

Abin da na koya: kunyar da ka ba wani ya ɗaukar maka, ajiya ce. Za a maido maka abinka, kuma sai ranar da jama'a sunka fi yawa.