Ranar da Na Goyi Duna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara zuwa farauta ba. Ko na so mantawa ma, mutanen Ƙofar Ran ba za su bar ni ba.

Asalin maganar bindiga ce. Kakanmu maharbi ne, da ya rasu ya bar wata doguwar bindigar toka a hannun Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. To Kawu ya manyanta, gwiwa ta fara yi masa gardama, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awar daji ko ɗaya. Ranar nan muna zaune a zaurensa ya ce shi kam bana zai ajiye farauta, bindigar kuma in babu mai karɓa a gida zai miƙa wa abokin dajinsa. Tun ina ƙarami nake son bindigar nan, ko shafa ta ba a taɓa bari na yi ba, yanzu kuma a ce za ta bar gidanmu? Na gyara murya na ce, "Kawu, ai ga ni."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. (Ni ma'aikacin ofis ne. Babbar dabbar da na taɓa kashewa ɓera ne, shi ma matata ce ta tare mini ƙofa.) Can ya ce, "To. Ranar Asabar za mu bayan dam ɗin Gubi, akwai gadar da ta addabi waken mutane. Ka zo in ga kamun ludayinka. Ban da turare, ban da surutu. Ka taho da jakar ɗaukar nama, don sabon shiga shi ke dako."

Duk bayanin nan, jaka kawai kunnena ya riƙe. Kwana uku na yi ina kallon Turawa masu farautar barewa a waya, kowanne da ƙatuwar jaka a baya kamar zai ƙaura. Sai na tuna burgamin Kawu, wata tsohuwar jakar fatar akuya da ta yi baƙi ƙirin don tsufa, na yi dariya ni kaɗai. Na ce lallai lokaci ya yi da boko zai shiga harkar farauta a zuri'armu.

Ranar Alhamis na tashi daga aiki na zarce Kasuwar Muda Lawal, layin 'yan gwanjo. A rumfar wani mutum mai fara'a da haƙorin Makka na hango ta a rataye. Wallahi sai da na ji kamar sunana aka kira. Koriya ce shar, da ƙarfe a bayanta, da maɗauri na ƙugu da na ƙirji, aljihu kuwa ko'ina ka taɓa akwai. Tana da 'yar rumfa a sama, tana da ƙafa da ake buɗewa ta tsaya da kanta. A tsakiyarta kuma akwai wani wuri mai laushi kamar kujera, da ramuka biyu a ƙasa.

Na ce, "Alhaji, waɗannan ramukan fa na mene ne?"

Ya ce, "Me za ka yi da ita tukuna?"

Na ɗan ɗaga kafaɗa na ce, "Farautar gada."

Ya tafa hannu. "Ai ka zo gidan! Nan za ka zaunar da gadar, ƙafafunta su fito ta ramukan, jini ya tsiyaye ƙasa bai ɓata maka riga ba. Rumfar nan kuma saboda ƙuda. Yallaɓai, Bature ba ya yin abu a banza."

(Sai daga baya na gane cewa da kamun kifi na ce masa zan je, da ya rantse ramukan na tsiyayar ruwan kifi ne.)

Ko aljihunanta ban tsaya dubawa ba, na goya ta tun daga kasuwa. Ina isa gida na ce wa matata Hadiza ta tanadi kayan yaji da babbar tukunya, ta kuma gayyato ƙawayenta ranar Asabar bayan la'asar, su zo su ci farfesun gada na hannun mijinta. A majalisarmu ta ƙofar gida ma sai da na yi wa mutum huɗu alƙawarin cinya. Gada dai ƙafa huɗu gare ta, amma cinya biyu ce, ban ko yi wannan tunanin ba.

Asabar da hantsi na ɗauki Kawu a babur ɗina. Da ya ga jakar sai ya ce, "Hijira za ka yi?" Karensa Duna, wani baƙi mai dogayen ƙafafu wanda Kawu ke ji da shi kamar ɗan cikinsa, ya riga ya tafi tare da Baba Yohanna. Shi Baba Yohanna mutumin Bogoro ne, ya daɗe yana aikin kuku a gidan Turawa a Jos kafin ya dawo Bauchi, kuma shi ne abokin dajin da Kawu ke nufin bai wa bindigar. Mun tarar ya ɗaure mana Duna a gindin wata ɗorawa kusa da babur ɗinsa, shi kuma ya zagaya ta ƙetaren kwazazzabo don ya koro mana gadar.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya: ni da kare ba ma shiri. In na hango shi a layi, tsallaka kwata nake yi. Don haka Kawu na gaba, Duna na biye, ni ina can baya ina fama da ƙaya, don duk reshen da na wuce sai ya kama rumfar jakata ya gaishe ta.

Mun fi awa biyu muna tafiya. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, amma zuciyata fes, har ina shirya kirarin da zan yi wa kaina. Kwatsam Kawu ya tsaya cak. Duna ya miƙe kunne. Can gindin wani kalgo sai ga ta, ja-ja da ita, ba ta fi ɗan akuya ba, tana tsinkar ganye hankali kwance. Kawu ya ɗaga bindigar kakanmu a hankali, ya yi mini alama da hannu in durƙusa.

Na durƙusa. Na jingina bayana da wani dutse don kada in motsa.

"Fiiiiit!"

Daga bayana ƙarar ta fito. Na zabura, na sake bugun dutsen. "Fit! Fiiit!"

Gada ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Duna ya rufa mata baya a guje, ta yi tsalle ta haye kwazazzabon, shi kuwa ƙasar bakin ta zabtare da shi. Sai kukansa muka ji daga ƙasa.

Kawu ya juyo ya dube ni. Ya sauke bindiga, ya zagayo bayana, ya zura hannu a wani ƙaramin aljihu da ban ma san da shi ba. Ya zaro wata 'yar agwagwar roba ruwan ɗorawa, mai jan baki. Ya matsa ta sau ɗaya. Ta ce fiit. Ya miƙo mini.

Daidai nan Baba Yohanna ya hauro da Duna a rungume. Ya kwantar da shi, ya ɗago zai yi magana, idonsa ya sauka kan jakata. Ya zagaya ni sau ɗaya. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe ciki.

"Yarona, wane ne ya sayar maka wannan? Wannan ai na goyon jariri ne! Oga na a Jos da irin shi yake goya yaron shi in za su hau dutse. Ramin nan ƙafan yaro ne yake fita. Wayyo Sale, ɗanka ya zo daji da zanin goyo!"

Da ƙasa za ta tsage da na shige, har da jakar.

Dariyar ba ta daɗe ba, don ƙafar gaban Duna ta karye. Na ga Kawu ya tsuguna da gwiwar nan tasa mai ciwo, yana ɗaure ƙafar da 'yan sanduna da tsumma, yana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. A nan ne kunya ta koma mini baƙin ciki, don ni na jawo. Ga tafiyar awa biyu a gabanmu, Kawu ba zai iya ɗauka ba, Baba Yohanna kuma duk rungumar da ya yi sai karen ya yi ƙara.

Baba Yohanna ya share hawayen dariya ya ce, "To ai ga abin goyo."

Jama'a, kamar an auna. Ƙafafun baya suka fito ta ramukan nan biyu, maɗauri ya zauna masa daidai a ƙirji, aka buɗe masa rumfa saboda rana. Aka ɗora mini. Duna ya ɗora haɓarsa a kafaɗata ya yi ajiyar zuciya.

A daji abin da sauƙi, babu mai gani sai tsuntsaye. Da muka iso wurin babura, Kawu ya hau bayan Baba Yohanna, ni kuma na hau nawa da goyona, muka nufo gari. Tun daga hanyar Gubi masu Keke Napep suka fara yi mini ham. Amma a bakin Kasuwar Muda Lawal aka yi ta ta ƙare, don wata motar hatsi ta tare hanya, muka tsaya cik a tsakiyar jama'a.

"Malam, Allah ya raya!"

"Mace aka samu ko namiji?"

"Yaushe ne suna, mu zo cin tuwo?"

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta yi salati ta ce, "Duniya ta zo ƙarshe, ɗan Musulmi da goyon kare." Wayoyi kuwa sun fi ashirin a sama. Shi kuma Duna, don ya nuna godiya, sai ya zaro harshe ya fara lasar kunnena, tun daga ƙasa har cikin hula. Ina ji ina gani, hannuwana biyu na kan babur. Can na hango mai haƙorin Makka ya fito daga layinsu, ya ɗaga mini babban yatsa yana ihu, "Yallaɓai, ban gaya maka ba? Ga ƙafafu sun fito!"

Na so in sauke karen nan a wurin in gudu, Allah ya sani. Amma ina jin yadda jikinsa ke rawa a bayana, sai na kasa.

Gidan Kawu yana ƙarshen layinmu, dole sai an wuce ƙofar gidana. 'Yan majalisa masu jiran cinya suna zaune reras. Ƙamshin jajjage ya cika layi. Hadiza ta ji ƙarar babur ta leƙo da ƙawayenta a bayanta, wata har ta fara guɗa, ta yanke a tsakiya. Hadiza ta dube ni, ta dubi wanda ke leƙowa ta kafaɗata, ta ce a hankali, "Maigida, wannan ce gadar?" Sai ta toshe baki da mayafi ta koma ciki da gudu. A ranar, taliya da manja ƙawayen suka ci, ni kuma na ƙarar da sabulu guda a kunne ɗaya.

Washegari bayan la'asar Kawu ya aiko in zo. Na same shi a zaure, Duna na kwance gefensa da ɗori a ƙafa.

Ya ce, "Bindiga na ba Yohanna."

Na san haka za a yi. Na sunkuyar da kai.

"Bindiga tana son mai duba abu kafin ya ɗauka. Kai ko aljihun jakarka ba ka duba ba. Da a hannunka take jiya, da wataƙila ba kare muka goyo ba." Ya shafa kan Duna. "Amma na ga abin da aka yi maka a bakin kasuwa. Da ka sauke shi a nan, da ban ga laifinka ba. Ba ka sauke ba. In na kwanta dama, kai za ka riƙe mini shi. Ban yarda da kowa ba."

Haka bindigar kakanmu ta bar gidanmu ta dalilin agwagwar roba, kuma har yau in na tuna sai na ji zafi. An ce matambayi ba ya ɓata. Ni ma ai na yi tambaya, sai dai na bar mai shekara arba'in a daji na je na tambayi mai son ya sayar. Yanzu ko cokali zan saya sai na nemi wanda ya taɓa cin abinci da irinsa.

Sunan da unguwa ta raɗa mini kuwa ba zan rubuta shi a nan ba. Duna ya warke, yana ɗan ɗingishi, kullum da yamma yana bakin layi yana jiran dawowata daga ofis. A duk Ƙofar Ran, shi kaɗai ne in ya gan ni ba ya dariya.