Hular Kwano a Kan Tankin Ruwa

"Dedo, ka tashi lafiya, ko ciwon baya ne ya taso ka da sassafe haka?"

"Lafiya ƙalau, injiniyar iska. Ina hoton naki? Har yau yana hanya?"

Zlatica ba ta ɗago kai daga kwamfuta ba. Tun ƙarfe bakwai take zaune a ofishin ƙaramar tashar jirgin ƙasa, ga kakanta Ignác, wanda take kira Dedo, ya zo ya cika bakin ƙofa da baƙaƙen kayan direba, ya goge maɓallan tagulla har suna ɗaukar ido. Shekararsa saba'in da tara, amma yau tafiyar ango yake yi.

Yana da dalili. Tun da aka daina kwaso katako daga daji aka rufe layin dogon, mutanen kwarin suka karɓe shi suna kula da shi ba albashi. Shekara shida suka yi suna gyaran tsohon kan jirgi mai tururi, kowace Asabar, kuma yau da ƙarfe goma zai fita karo na farko. Mutum ɗaya ne ba zai zo ba: Metod, wanda ya yi shekara talatin yana zuba wa Ignác kwal a wuta. Da shi aka kwance injin, kafin a haɗa shi, ɓarin jikin Metod ya shanye, yanzu yana gidan kula da tsofaffi a birni. Zlatica ta yi masa alkawari zai kalli fitar a allo daga gadonsa, ta kyamarori ukun da ta kafa a tashar. Ga shi mako biyu ke nan kyamarorin ba sa aika komai.

Ignác ya ja kujera ya zauna, ya ce a zamaninsa in ana son labari ya isa tasha ta gaba sai a buga waya ɗaya, kuma wayar ba ta taɓa cewa a jira ta ba. Zlatica ta tuna masa cewa a zamanin nasa akuyar makwabta ta sha riga jirginsa isa gari.

"Akuyar nan ba ta ɗauko itace tan arba'in ba."

"Kai ma ba ka ɗauko ba, Dedo. Metod ne ya yi gumin, kai kana leƙe ta taga kana gyara gashin baki."

"Gashin bakin nan ne ya samo kakarki. Ke da allonki me kika samo? Ko saurayi mai ƙafa ɗaya ban gani ba."

"Na ga irin mazan da layin nan yake fitarwa, shi ya sa nake bi a hankali."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. Ita kuwa dariyar ba ta kai mata ciki ba. Ta sake kiran kamfanin intanet, karo na biyar, suka sake gaya mata cewa daga wajensu komai lafiya, saƙo yana tashi daga rufin makaranta can ƙetaren kwari kamar kullum. Ta kashe na'ura ta kunna. Ta canza igiya. Agogon bango ya nuna tara da kwata, sai ga saƙo daga ma'aikaciyar jinya cewa Metod ya sa an yi masa aski, an kuma saka masa rigarsa ta aiki, yana zaune yana kallon baƙin allo.

Ta karanta wa kakanta. Ya miƙe ya ce ta taso ta sha iska, ta ga aikin mutanen da suke taɓa abu da hannu.

Ya zaga da ita yana nuna mata kamar baƙuwa. Ga fitilu an mayar da su irin na da, ga benci an yi masa koren fenti, ko ƙusa ɗaya ta zamani ba a bari a fili ba. Wannan ita ce ƙa'idarsu: duk abin da idon mai ziyara zai faɗa a kai, sai ya yi kama da na shekara ɗari da suka wuce. Da suka zo gindin tankin da jirgi yake shan ruwa, sai ya tsaya ya ɗaga haɓa.

"Dubi sama. Me kika gani?"

"Tanki. Da wani akwatin fitila."

"Kin ji ko? Akwatin fitila." Ya juya yana neman wanda zai yi masa shaida. "Mako biyu ke nan yana wurin, jikata mai digiri ba ta gane ba. Wannan farin farantin naki ne, mai kama da murfin bokiti. Na ce ba za a ɗauki hoton jirgina da wannan abin kunya a bayansa ba. Kwana uku na yi ina ƙera masa hula. Kwano mai kauri, ko ƙanƙara ba ta huda shi."

Zlatica ta dubi akwatin, ta dubi rufin makaranta can nesa, ta dubi kakanta. Ta tuna irin maganganun da ta gaya wa mutanen kamfani, har kunya ta kama ta.

"Dedo, ta wannan farantin saƙo yake shiga yana fita. Ka rufe masa ido da ƙarfe."

"Ke kika ce ta iska yake tafiya. Na bar masa ƙofofin iska har shida a ƙasa."

Ya kuma dage cewa saƙon da kwano zai tare ba saƙon kirki ba ne, tururinsa yana ratsa ƙarfen da ya fi wannan kauri. Ta ce tururin nasa ba ya zuwa birni. Ya ce hularsa ba za ta sauka ba, ƙusa goma sha biyu ya sa mata, kowace da hannunsa.

"To shi ke nan," in ji ta. "Bari in kira Metod in ce masa direbansa ya zaɓi hula."

Ba ta ko ciro wayar ba ya tafi ɗauko tsani.

Ita ta hau, shi ya riƙe, yana ba ta umarni daga ƙasa: kada ta kankare fenti, kada ta yar da ƙusa, ta sauko da ita a hankali kamar jariri. Ta ce in ya ƙara magana za ta kifa masa ita a ka, ta ga ko shi zai ji saƙo. Goma saura minti bakwai ta miƙo masa hular, ya rungume ta, ita kuma ta ruga ofis. Allo uku duk sun kawo. Ga dandamali cike da mutane, ga kan jirgi yana huci, ga wani tsoho a gefe rungume da kwano.

Ƙarfe goma daidai jirgin ya motsa. Da ya zo saitin kyamarar farko Ignác ya cire hular kansa ya ɗaga, bai mayar ba sai da ya wuce ta uku.

Bayan awa ɗaya ya dawo da jirgin, fuska duk baƙi, ya tarar da ita a dandamali da waya a hannu.

"Metod ya gani," ta ce. "Tun daga farko har ƙarshe. Ya ce a gaya maka hayaƙin ya yi baƙi da yawa, wanda ka ɗauka a madadinsa ɓarnar kwal yake yi. Kuma ka ja birki kamar mai koyo."

Ignác ya goge ido da bayan hannu, ya ce toka ce. Sannan ya hau jirgi, ya wanke shebur da tururi, ya fasa ƙwai biyu a kai ya tura bakin wuta, yadda direbobi suke karyawa. Da suka soyu ya juye su a kan burodi ya miƙo mata ta taga.

"Karɓi, injiniya. Kin kayar da ni yau. Amma ki sani, gobe zan yi wa farantin nan hula ta katako."

"Da ƙofofin iska?"

"Takwas," ya ce, yana dariya.