Ƙwallon Roba a Hannun Kaka

"Lafiya lau, ke ce dai matsalar. Mace ta bar mijinta tun safe, ta dawo tana taunar cingam."

Kaka ne ke maganar, yana zaune a bakin gado, hannunsa na dama kwance a cinya. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye aka rufe shagon ɗinkinsa. Jikarsa, wadda yake kira Amarya, ta buɗe leda ta zaro ɗan ƙwallon roba.

"Na aike ki man zafi, kin kawo mini kayan wasan yara?"

"Ai yaron ne a gabana, ko haƙori babu. Kawo hannun."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wata likita a waya. Na kalli bidiyonta har na haddace."

"Likitar da ba ta taɓa ganina ba? Da ta gan ni, da ta ajiye aiki ta biyo ni."

"Ta yi me da kai? Ni ma haƙuri nake."

Ta ɗora ƙwallon a tafinsa, ta lanƙwasa masa yatsun ɗaya bayan ɗaya. "To, matsa."

Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ƙwallon ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado.

"Ƙwallonki ne mai santsi."

"Eh, laifinsa ne," in ji ta. Ta daɗe a durƙushe tana laluben abin da ke gaban idonta.

"Amarya, likitar taki ta faɗi ƙarshen abin?"

"Ta ce hannun wasu yana dawowa."

"Na wasu kuma fa?"

"Data ta ƙare kafin ta kai nan."

"Maƙaryaciya." Ya dubi yatsunsa. "Su suka ɗinka wa uwarki rigar makaranta, suka ɗinka taki. Yau maɓallin rigata sai an saka mini."

Ta gyara masa wuyan rigar. Ya ɗago ya dube ta.

"Ana koyar da ɗinki a wayar nan taku?"

"Har da yanka."

"Yankan ƙarya. Jawo durowar can, ki ɗauki almakashina. Ki koya a wurinsu, ki kawo in yi miki dariya."

Ta riƙe almakashin da hannu biyu. "Duk shekarun nan ina fama da kai, ladana tsohon ƙarfe?"

Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi. "Kin ci, uwar rashin kunya. Goge idonki ki dawo, mu sake gwadawa."