Rasuwar 'Yar Baƙa, Rakodar da Ta Tsira Daga Gobarar Daji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da ya kasa ɗagowa, ni Husaini Garba na unguwar Hindawiyya a Jidda nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar rakodata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Juma'a da hantsi, a aljihun jallabiyata.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta a hidimar ilimi. Ni direban Dakta Ruba ne, mai binciken yadda shugabannin masu kashe gobara ke yanke shawara wuta na tsaka da ci. Duk sanda daji ya kama a duwatsun kudu mukan hau, in tsaya bayan shugaba da 'Yar Baƙa a hannu. Hujjar Dakta ita ce, in wuta ta mutu kowa gwani ne. Ka tambayi mutum bayan mako, sai ya rantse tun farko ya san iska za ta juya. Marigayiya ba ta da wannan hali. Ba ta ƙari, ba ta gyara wa kowa zance, har tarin mutum da inda-indarsa takan adana. Ita kanta maganarta ɗaya ce, "ƙit" in ta fara, "ƙit" in ta gama.

A fitarta ta ƙarshe, shugaba Abdulmohsen ya janye mutanensa daga wani gangare da aka jera amyoyin zuma, amyoyin suka ƙone ƙurmus. Masu zuma sun kai ƙara cewa tsoro ne ya kore shi, ranar Lahadi kuma zai tsaya gaban kwamiti. 'Yar Baƙa ta ji abin da ya shigo masa ta rediyo a lokacin: hayaƙi ya rufe hanyar fita, mota guda ta daina amsawa. Muna gangarowa na kunna ta a mota, ta maimaita mini muryarsa tana rawa: "Yalla, ku fito. Zuma ba ta kai rai ba."

Jinyarta gajera ce, kuma ni ne ciwon. Dakta ta ce in kwashe sautin a kwamfuta ranar da muka sauko, na ce gobe. Da Juma'a ta zo na sa ta a aljihu don in miƙa wa Dakta bayan masallaci. Sai na ji kamar har yanzu ƙaurin daji nake yi, na shimfiɗa jallabiyar a kan kabbasa, kwandon da ake turara kaya a kai, na cika kasko da garwashi da turaren wuta na tura ƙarƙashinta, na shiga wanka ina 'yar waƙata. Matata Zubaidatu ce ta jiyo warin roba. Mai gyara a kasuwar Balad ya juya gawar, ya shinshina, ya miƙo mini abata bai ko ɗauki sukudireba ba. Ina roƙon maƙwabta su daina yi wa Zubaidatu wani kallo. Ba ita ta zuba garwashin ba, na dai yi shiru ne da aka zata ita ce, kuma ina jin kunyar hakan.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da jakar fata da ba ta san kowa ba sai ita, da Dakta Ruba, wadda a wannan sanarwar za ta fara ji. Dakta, ki yafe mini.

Ba a nemi likkafani ba, don aljihun ya narke ya manne mata. Za a kai ta makwancinta wurin masu karɓar matattun na'urori ranar Asabar bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a gida, akwai gahawa da dabino, amma don Allah kada kowa ya zo da turare. Ranar Lahadi kuma ni zan wakilce ta gaban kwamiti, in faɗi abin da kunnena ya ji. Ku taya Abdulmohsen da addu'a, domin irin shaidata ce aka sayi marigayiya don a guje wa.