Tekun Da Na Kai Zauren Malam

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na yi ina karatun teku ba, ni da ko Kogin Kubanni ban taɓa haurawa da damina ba. Lokacin Tudun Wada sabuwar unguwa ce, jirgin ƙasan Nasara bai daɗe da fara kuka a Zariya ba.

Wani falke da ya sauka gidanmu ya bar mini waɗansu warƙoƙi na Larabci, labarin wani matafiyi a jirgin ruwa. Ƙarshensa ya ɓace. Wallahi shekara guda ban karanta komai ba sai su. In zauna gindin durumi, in ji iska tana kaɗa ganye, in ce igiyar ruwa ce. Kullum da ƙarshen da nake ƙirƙira wa mutumin nan. Littattafanmu kuwa ba ɗinki gare su ba, warƙa kan warƙa ne a cikin gafaka, don haka na cusa nawa a tsakiyar littafin fiƙihun da Malam ya ara mini. Mai wucewa ya gan ni na duƙufa, ya ce, "Allah ya ƙara ilimi!" (Ni kuwa in amsa da "Amin", ko kunya babu.)

Gab da azumi, idon Malam ya yi rauni, ya ce zai zaɓi wanda zai riƙa karanta masa. Wanda ya samu, shi ke riƙe adakar littattafansa. Kai, na so abin nan kamar raina!

Ranar gwaji zaure ya cika da dattawa. Aka zo kaina, babin ruwan tsarki. Ina jan Larabci, Malam yana fassarawa. Ruwan rijiya. Ruwan sama. Ruwan teku. Na juya warƙa, bakina ya kama hanyar da ya saba.

"Sai ruwan ya yi duhu," in ji Malam. "Sai iska ta taso... sai wani kifi mai girman gari ya..." Ya tsaya. Ni ban tsaya ba, na riga na yi nisa, har da lumshe ido.

"Malam ƙarami," ya ce, "wannan kifin, alwala zai yi?"

Zaure ya fashe da dariya. Wani tsoho har rawaninsa ya kwance. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka watse ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Mutumin ya kai gaɓa?"

"Allah gafarta Malam, ƙarshen ya ɓace."

"Ash! Ka ja mini rai a banza."

Adaka dai wani ya samu, na yi baƙin ciki ƙwarai. Tun daga ranar, duk littafin da zan buɗe gaban mutane sai na bi warƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, kada kifi ya sake biyo ni.