Yatsana a Lakar Teku

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar da 'yata Balkisa ta gayyace ni ɗakin gwajinsu a jami'a, nan East Greensboro. Digiri na biyu take yi, wai auna ƙarfin lakar ƙasan teku. Ni mutumin Maraɗi, teku sai daga tagar jirgin sama na taɓa ganinsa, don haka na ci farar shadda na tafi da tambayoyi cike da baki.

Ta nuna mini wani bututu da aka yanka, cike da laka mai ruwan toka, sumul kamar man shanu. Jirgin ruwa ne ya zaƙulo ta daga ƙarƙashin teku. Ta ce za su nutsa wani ɗan ƙarfe mai fukafukai huɗu a ciki, na'ura ta juya shi a hankali har lakar ta sake. Da haka ake sanin ko ƙasan zai ɗauki ginshiƙin da za a kafa.

"Baba, jira ni, in kira farfesa ku gaisa."

Na tsaya ni da laka. To wai yaya taushinta yake? Kamar ta kogi, ko kamar kunu? (Mutum mai furfura fa, da jika.) Na ce bari in ɗan taɓa. Yatsa ya lume zuruf har gindi! Sanyi ƙalau, ga wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Ina jin takunsu na cusa hannun a aljihu.

Farfesa, wani dattijon Bature, ya miƙo hannu yana murmushi. Na dafa ƙirji da hagu, na sunkuya. Bai janye ba. Dole na fito da hannun daman daga aljihu, laka har kan shadda.

Balkisa ta dubi hannuna, ta dubi ramin da yatsana ya bari a lakar. "Baba! Wanda zan gwada yau ke nan! In an taɓa shi ya lalace!"

Farfesa ya leƙa ramin, ya daɗe, sannan ya tambaye ni da gaske, yaya na ji ta?

"Da taushi," na ce.

Ya ce su ma haka suke zato. Ɗaliban da suka biyo shi suka fashe da dariya. Allah ya taimake ni akwai sauran yanki a firji, amma har muka isa gida Balkisa Turanci kawai take yi mini.

Tun daga ranar, in na shiga wurin aikin wani, hannuwana a baya nake haɗe su. Son sani bai bar ni ba, amma yanzu da baki nake tambaya.