Ranar da Na Haɗiye Shaida

Ni ɗin nan da kuke gani, shekara ashirin da bakwai na yi ina malamin gona, ina bin ƙauyuka a kan babur ina koya wa mutane maganin ƙwari. Ilimin nan ne ya kai ni ya baro bara, da na dawo daga Turkiyya wajen ganin ɗana. Na riƙo kwali guda na ceri, wasu jajayen 'ya'yan itace masu girman kanya, tsarabar surukata Hajiya Dudu. Tun kafin in tafi na cika mata baki, ita kuma ta sanar da unguwa, har maƙwabta sun sa rai. A filin jirgi sai wata jami'a mai duba kayan gona ta tare ni, yarinya ce da ba ta kai autata ba. Ta ce ɗanyen 'ya'yan itace ba ya wucewa sai da takarda, don akwai tsutsar da ke ɓuya a ciki, in ta shigo ƙasa ta gama da lambunan mutane.

Na gyara zaman hula na ce, "'Yata, tsutsar da kike faɗa tuffa take ci, ba ruwanta da ceri. Tun ba a haife ki ba nake koyar da wannan."

Ta ce, "To Baba, bari in tsaga ɗaya mu gani."

Maimakon in bar ta, sai halin kasuwarmu ya motsa, inda mai kaya kan fara ci a gaban mai saye. Na zaɓi wanda ya fi sheƙi, na gatsa rabi, na ɗaga sauran ina nuna mata. Ina kai ido sai ga wata tsutsa fara sol tana miƙa a gindin ƙwallon, hankalinta kwance. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin yarinyar ta matso na jefa sauran a baki na haɗiye, har da ƙwallon, idona ya kawo ruwa.

Na ce, "Kin gani ko? Lafiya lau, ba komai a ciki."

Ta ɗauki kwalin ta miƙa wa abokin aikinta. Sannan ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"Baba, kwalin dai ƙona shi za mu yi, wannan mai sauƙi ne. Kai ne ban san kwana nawa za mu killace ka ba."